Hanyar Gwanja: Sawun Kakanninmu da Bashin Zumuncin da ke Wuyanmu

Gabatarwa

 Kamar yadda aka saba kowace shekara, kwamitin wannan mujalla ya keɓe shafuka domin tarihin garinmu. A bana an ga dacewar mu ɗan ɗaga ido daga ganuwa da ƙofofi da jerin sunayen sarakuna, mu dubi wani ɓangare na tarihinmu wanda ba a cikin garin ya auku ba. Wannan ɓangare shi ne fataucin Gwanja, da kuma dangin da wannan fatauci ya bar mana a ƙasar da a yau ake kira Gana.

Da wuya a sami unguwa a garin nan wadda babu gidan da ake cewa kakansu ya je Gwanja. Wani ya komo da dukiya, wani ya komo da karatu, wani kuwa ya yi aure a can, ya hayayyafa, har ƙasar can ta rufe masa ido. Amma a yau in ka tambayi yawancin samarinmu masu aiki a Abuja ko Legas ko Kaduna mece ce Gwanja, sai su ce maka ai sunan mawaƙi ne. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, domin yaro ba ya sanin abin da ba a faɗa masa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa muna da dangi na jini a can, cewa tsofaffin da suka san sunayen da za su haɗa mu da su suna ƙarewa, kuma cewa ku mazauna birane, da Allah Ya hore wa abin tafiya, ku ne za ku iya ɗinke wannan ɓaraka kafin lokaci ya ƙure.

Asalin Hanyar

Gwanja daula ce da ke arewacin Gana ta yau, a yankin Kogin Bolta. Abin mamaki shi ne, goron da ya sa sunanta ya shahara a ƙasar Hausa ba a cikinta yake tsira ba. Itacen goro ɗan kurmi ne, yana son ruwa da inuwa, kuma a dazuzzukan Asante yake, wato mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Gwanja ta zama kasuwa ce kawai, inda mutanen kurmi ke kawo goro su haɗu da mutanen arewa. Tun da a nan fatakenmu ke sayensa, sai suka raɗa masa suna goron Gwanja.

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya danganta buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja ga zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Sai dai fataucin bai kai ƙololuwarsa ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, al'ummar da ta ƙaurace wa giya ta sami abin taunawa wanda shari'a ba ta hana ba, ga shi yana kore barci da gajiya, har ya shiga cikin ɗaurin aure da suna da gaisuwar manya. Na biyu, Asante da ta riga ta mallake Gwanja tun ƙarni na 18 ta mai da hankali ga kasuwar arewa, musamman bayan Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi ta teku a 1807.

Waɗanda suka fi riƙe wannan sana'a a ƙasar Kano su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Duk wanda ya san tarihin gidajen garinmu ya san cewa waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a wurinmu.

Ayari da Tsarinsa

Daga Kano zuwa Salaga, babbar kasuwar Gwanja, tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma da ƙafa ake yin ta, da jakuna da alfadarai da takarkarai. Ayari kan tashi da kaka bayan an kau da amfanin gona. Wasu kan bi ta Sakkwato da Jega, wasu ta Zariya da Birnin Gwari, su ƙetare Kogin Kwara a Yawuri ko Illo ko Busa. Daga nan sai ƙasar Bargu, ta Nikki da Jugu a Jamhuriyar Benin ta yau, sai Sansanin Mango a Togo ta yau, sai Yandi ta Dagwamba, sannan Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara guda.

Ayari ba taron yuyuyu ba ne. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke shawarar hanya, shi ke ciniki da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan fito da gaisuwa. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na kula da tsaro da tara kuɗin fito, malamin ayari kuwa shi ke riƙe lissafi, ya ja salla, ya zaɓi ranar tashi. Mata ma suna cikin tafiyar, suna dafa abinci suna sayarwa, suna kuma yin nasu ɗan cinikin. Baturen nan mai yawon bincike, Kilabatan, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, da dabbobin kaya kusan adadin haka.

Kayan da ake ɗauka daga nan sun haɗa da kanwa, da turkuɗin Kura, da saƙi, da jemammun fatu, da takalma, da gabu, da dawaki. A komo da goro a cikin huhu, an lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Goro ba ya son sakaci. Dole a riƙa kwance shi a hanya, a yayyafa masa ruwa, a tsince wanda ya fara lalacewa, in ba haka ba ɗaya ya ɓata saura. Farke kan kwana yana zaɓen goro bayan ya wuni yana tafiya, ga fargabar 'yan fashin Bargu. Da irin wannan wahala aka gina soraye da dama da muke alfahari da su a garin nan.

Duk inda ayari ya saba sauka ana kiran wurin zango. A hankali wasu fatake suka zauna a zangunan suka zama fatomai, masu saukar baƙi, su ajiye musu kaya, su nemo musu dillali, su tsaya musu a kan bashi. Babu banki, babu takardar yarjejeniya mai hatimi. Mutum kan bar wa fatomansa dukiya ya tafi shekara, ya dawo ya tarar da ita cif. Wannan amana ita ce ainihin jarin fataucin.

Salaga

Salaga ta kasance garin baƙi. Sarautar ƙasa tana hannun Gwanjawa da ke zaune a Kpembe, ɗan nesa kaɗan da garin, kasuwa kuwa tana hannun Hausawa da Wangarawa da Barebari da Yarbawa da sauransu, kuma Hausa ce harshen ciniki. Saboda ƙarancin ruwa da yawan jama'a da rani, aka haƙa rijiyoyi barkatai, har ake yi mata kirari da garin rijiya dubu.

A nan wajibi ne mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji, domin tarihin da aka tace ɗacinsa ya zama tatsuniya. Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, tana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma. Ana kawo mutanen da aka kama daga ƙasashen arewacinta, musamman Gurunsi, a sayar, kuma fatakenmu suna cikin masu saye da sayarwa. Da yawa daga cikin masu dakon huhunan goro zuwa Kano bayi ne. Har yau wurin kasuwar bayin da rijiyoyin da ake yi musu wanka suna nan, jikokin waɗanda aka sayar suna zuwa daga Amurka da tsibiran Karibiyan suna zubar da hawaye a kansu. Duk ɗanmu da ya je Salaga ya kamata ya tsaya a wannan wuri da natsuwa. Wanda ya gaji sunan gida da darajarsa, ya gaji har da nauyin abin da gidan ya aikata.

Faɗuwar Salaga da Yaɗuwar Zanguna

A watan Fabrairu 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Ganin Asante ta yi rauni, sai Salaga ta yi mata tawaye. Asante ta rama ta hanyar hana goro zuwa Salaga, kasuwa ta koma Kintampo da Atebubu. Sai kuma a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, aka washe Salaga, baƙi suka watse. Wasu suka nufi Kete Karaci, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu suka gangara har bakin teku.

Kafin wannan lokaci sarakunan Asante sun daɗe suna tsare fataken arewa a kasuwannin kan iyaka. Da Turawa suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, suka kuma murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, sai ƙofar kurmi ta buɗe. Zangon Kumasi ya bunƙasa, aka yi masa Sarkin Zango, kuma cikin waɗanda suka riƙe wannan sarauta akwai Malam Salau, Bakatsine. A Akara, wadda kakanninmu ke kira Ankara, Malam Bako ɗan Malam Naino ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, daga baya kuma Malam Amadu Futa ya kafa Nima a 1931.

Ba fatake kaɗai suka cika zangunan ba. Akwai sojoji, domin rundunar da Kyaftin Gulob ya kafa a Legas a 1863, wadda aka sani da Hausawan Gulob, ta yi yaƙin Asante na 1874, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan sojoji sun zauna a can bayan sallama. Akwai mahauta da masu fataucin shanu. Akwai 'yan cirani da suka je aikin gonakin koko da mahaƙar zinariya. Akwai kuma malamai da almajiransu.

Ita kanta hanyar ƙafa zamani ne ya kashe ta. Jirgin ƙasa ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, na Legas ya iso Kano a 1911. Goron da ke cin watanni a bayan jaki sai ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa, a wajejen Agege da Shagamu, suka dasa irin goron Gwanja da yawa, har buƙatar zuwa Gana ta ragu. Hanya ta mutu, amma mutanen da ta kai can suna nan.

Malami da Attajiri

Mutum biyu sun isa misali a kan abin da wannan hanya ta haifar. Na farko shi ne Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga ko na Karaci. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu, ya bi fatauci har ya zauna a Salaga. Bayan yaƙin 1892 ya koma Kete Karaci, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jamusawa, ya zama limaminta, ya karantar da ɗalibai masu yawa har rasuwarsa a 1934. Ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, ciki har da Waƙar Talauci da Wadata, da waƙoƙi a kan zuwan Nasara, da bayanai a kan tarihi da al'adun ƙasar Hausa. Ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa na zamaninsa ke nan, amma a Gana ya rayu, a can ya rasu. Kwafin rubuce-rubucensa da dama suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon.

Na biyu shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, Ba'agale, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta koma Akara da zama, shi kuma da ya tasa ya bi ta can. Yana cikin na farkon da suka gane cewa goro zai fi saurin zuwa ta teku, kuma da ribar goro ya shiga sayen gyaɗa, har ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a Afirka ta Yamma a zamaninsa, kafin rasuwarsa a 1955. Duk wanda ke ganin girman wannan gida a yau, ya tuna cewa tushensa yana cikin huhun goro.

Kora Biyu

Mene ne ya yanke zumuncin? Nisa ba shi ne dalili ba, tun da waɗanda suka taka da ƙafa ba su yanke shi ba. Siyasar 'yan ƙasa da baƙi ce ta yi mana wannan illa. Alamar farko ta bayyana a 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai, lokacin da gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, ɗaya daga cikin shugabannin zangon Kumasi, zuwa Nijeriya saboda goyon bayan 'yan hamayya.

Babbar guguwar ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da kakanninsu suka shiga ƙasar tun ba a san fasfo ba suka wayi gari sun zama baƙi. Dubban mutane suka karyar da gidaje da rumfuna, suka cika manyan motoci. Mu da muke 'yan firamare a lokacin muna tune da yaran da aka kawo ajinmu a tsakiyar shekara, masu wata irin Hausa da ke ba mu dariya, waɗanda muka riƙa kira 'yan Gana. Ba mu san cewa wasunsu sun baro uwa ko 'yar'uwa a can ba, domin gida ɗaya kan rabu biyu: wanda ke da takarda ko uwa 'yar ƙasa ya zauna, wanda ba shi da ita ya taho.

Sai kuma reshe ya juye da mujiya. Da arzikin man fetur ya zo, kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan. Malaman Gana suka cika kwalejojin horon malamai da sakandarorinmu. Su suka koya wa da yawanmu lissafi da Turanci da kimiyya, wasunsu kuma muka yi aiki tare a ɗakin malamai ɗaya. A watan Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa, mutanen Gana kimanin miliyan 1 suka koma gida, har jakar da suka zuba kayansu ta sami sunan da ake kiran ta da shi har yau, Gana-mas-go. Waɗanda korar ba ta shafa kai tsaye ba ma da yawa sun bi baya, saboda tattalin arziki ya karye kuma zaman ya daina daɗi. Cikin shekara 14 kowane ɓangare ya kori ɗan'uwansa sau ɗaya. Wasiƙu suka ragu, adireshi suka ɓace, tsofaffi suka rasu da sunaye a bakinsu.

Abin da Mai Ziyara Zai Tarar

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Bayan mun ajiye alli, mu kaɗan daga cikin tsofaffin malaman makaranta na garin nan mun haɗa guzuri mun bi sawun. Mun tashi daga Legas ta Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflawo, muka sauka Akara. Daga nan sai Kumasi, sai muka yi arewa ta Mampong da Ejura da Atebubu har Yeji, inda muka shiga jirgin fito muka ƙetare Tafkin Bolta zuwa Makango, sannan Salaga.

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne ƙarfin Hausa. A Nima da Sabon Zango da zangon Kumasi, Hausa ce harshen da ke haɗa Badagwambe da Bamoshe da Bazabarme da Bayarabe. Ta ɗan sauya, domin ba su cika bambanta namiji da mace a magana ba, kuma aboki ya koma aboci, amma ba ka buƙatar tafinta. Abincinmu ya zama na ƙasa baki ɗaya: koko da ƙosai da safe, tuwon zafi, da shinkafa da wake da suke kira wace. Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akara a 1919 aka kuma naɗa babban limamin ƙasar a 1993, ɗan wannan al'umma ne, kuma girman da Musulmi da Kirista suka ba shi ya nuna matsayin da jikokin fatake suka taka. A ɗaya gefen kuma zanguna da yawa suna fama da cunkoso da ƙarancin aikin yi, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta kafa asusun raya zanguna a 2017.

Salaga kuwa ta zama ƙaramin gari mai shiru, da wuya ka gaskata cewa nan ne ayarori ke haɗuwa. Tsohuwar Kete Karaci ma ruwa ya ci mafi yawanta bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, aka mai da mutanenta sabon mazauni.

A Kumasi mun sami wata gyatuma da ta haura tamanin, wadda ba ta taɓa taka garinmu ba, amma ta lissafo mana sunan unguwar mahaifinta, da sunan mai unguwar zamaninsa, ta kuma tambaye mu ko durumin ƙofar gidansu yana nan. Da muka ce mata an sare shi an yi shago, sai ta yi shiru, can ta ce, "To, ku dai kun zo, 'ya'yana." A wani gidan kuma mun makara da wata biyu. Dattijon da ya san komai ya rasu, jikokinsa suka karɓe mu hannu biyu, amma iyakar abin da suka sani shi ne kakansu mutumin Kano ne. Kano kuwa ƙasa ce mai faɗi. Mun kuma nemo wani malaminmu na lissafi a kwaleji, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya kira mu da laƙabin da yake kiran mu da shi shekara arba'in da suka wuce. Bai ambaci 1983 ba, mu ma nauyi ya hana mu.

Akwai darasi ɗaya da ya kamata a sani. A wasu gidajen an fara tarbar mu da ɗari-ɗari, domin sun taɓa ganin dangi daga Nijeriya da ba su zo ba sai da maganar gadon gida. Sai da suka tabbata gaisuwa ce ta kawo mu sannan fuska ta saki, aka fito da tsofaffin hotuna da wasiƙun ajami daga cikin adaka.

Shawarwari ga Masu Niyya

Na farko, tafiyar daga gida take farawa. Kafin ka sayi tikiti, ka zauna da tsofaffin gidanku, musamman iyaye mata da gwaggwanni, domin su ne rumbun nasaba. Ka rubuta sunan wanda ya tafi, da laƙabinsa, da sana'arsa, da garin da aka ce ya zauna, da sunan fatomansa ko malaminsa. A zango da laƙabi da sana'a ake gane mutum.

Na biyu, ka shiga ta ƙofa. Ka fara da gaida Sarkin Zango da liman, ka riƙe goronka, su za su haɗa ka da dattijon da ya san gidajen. Kada ka buɗe baki da maganar gado. In akwai hakki, yana da lokacinsa da malaman da za su raba shi.

Na uku, tafiyar ba ta fi ƙarfin ma'aikaci ba. Nijeriya da Benin da Togo da Gana duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Abin da ake buƙata shi ne fasfo da katin rigakafin shawara. Akwai motoci daga Legas, akwai jirgin sama zuwa Akara. Wanda ke kai iyalinsa hutu Dubai ba zai ce Kumasi ta yi masa tsada ba.

Na huɗu, ka tafi da ɗanka ko 'yarka, ka kuma naɗi muryar tsofaffi a wayarka da izininsu, ka ɗauki hoton duk takardar da aka nuna maka. Muna ba ƙungiya shawara ta buɗe rajistar gidajen da ke da dangi a Gana, ta ajiye kwafin abin da aka samo a ɗakin karatu na makarantarmu, ta kuma riƙa gayyatar waɗannan 'yan'uwa taron shekara na bayan Salla, domin su ma su zo su ga inda aka yanke cibiyar kakanninsu.

Kammalawa

Kakanninmu sun yi wata da watanni a ƙafa domin neman halali, kuma duk da wahalar hanya saƙo bai taɓa yankewa tsakanin garin nan da Gwanja ba a zamaninsu. Mu da ke da mota da jirgi da waya a aljihu, a hannunmu ya yanke. Yaran da aka kawo ajinmu a 1969 yanzu sun haura sittin, iyayen da suka san gidajen can kuwa saura ƙalilan. In wannan tsara ta wuce ba a rubuta komai ba, jikokinmu da nasu za su haɗu a filin jirgi ko a Makka su gaisa da Hausa, su rabu ba tare da sanin jininsu ɗaya ba. Zumunta a ƙafa take. Allah Ya jiƙan magabatanmu na nan da na can, Ya yafe musu kurakuransu, Ya ba mu ikon sada abin da suka bari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.